Yadda zaka amsa kiran Yesu ka samu a sauke maka kaya

'Yan'uwa sannunku. Tambayar nan ta sha zuwa min, wani lokaci bayan an tashi sujada ana gaggaisawa a bakin ƙofar majami'a, wani lokaci kuma ta waya can tsakar dare, mutum ya rubuto yace malam naji wa'azin nan kuma ya shige ni amma ban san me zanyi ba, ta ina ake farawa ne? Toh ni dai ba fasto bane, ajin baftisma kawai nake taya koyarwa a wata 'yar ƙaramar ikilisiya a kudancin Katsina, amma na daɗe ina zama da masu irin wannan tambaya kuma nima na taɓa yinta da bakina, shi yasa nace bari in zauna in rubuta abin da na sani yadda zan faɗa maka inda muna zaune kan benci ɗaya.

Kiran da muke magana a kai yana cikin Matiyu 11:28-30. A nan ne Yesu yace duk masu wahala da masu fama da kaya su zo gare shi zai hutar da su. Ka lura da waɗanda ya kira. Bai ce masu tsarki ba, bai ce waɗanda suka haddace ayoyi ba, bai ce waɗanda iyayensu dattawan ikilisiya ne ba. Masu kaya yace. In kana da kaya a kai to takardar gayyata tana hannunka tun tuni.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da zan faɗa. Mace ta dawo daga daji da dami na itace, ko daga gona da buhun masara a kai, irin kayan da sai da mutum biyu suka kama suka ɗora mata. In ta iso ƙofar gida bata iya saukewa ita kaɗai, in ta gwada sunkuyawa wuya zai iya gocewa, in ta jefar kuma kaya ya watse ko ya faɗo mata a ƙafa. Me takeyi? Tsayawa take tace "wa ke ciki, a zo a sauke ni!" Shikenan. Bata cewa bari in fara rage kayan tukuna, bata cewa bari in wanke ƙafa in canja zane kar a ganni da ƙura. Kira take a yadda take. Duk abin da zan rubuta a ƙasa bayani ne kawai akan wannan kiran na "a sauke ni".

Ta ya zan san Allah ne ke kirana?

Mutane da yawa suna jiran murya daga sama ko mafarki da fararen kaya. Ban ce Allah baya magana ta mafarki ba, akwai waɗanda haka nasu ya zo kuma na zauna da su, amma yawancinmu ba haka bane. Wani wa'azi yaji a wajen jana'iza, wata waƙar Zumuntar Mata ce ta tsaya mata a rai sati guda ta kasa mantawa, wani 'yan Sabon Rai ne, masu yawon wa'azin bishara, suka zo ƙauyensu da ganga suka kwana biyu, wani kuma shiru kawai, ya kwanta da dare barci ya ƙi zuwa yana ta tunanin in na mutu yau ina na dosa. In abin da kakeji yana nuna maka zunubinka kuma a lokaci guda yana janka zuwa wurin Yesu ba yana korarka daga wurinsa ba, to kar ka tsaya neman wata alama. Yesu da kansa yace ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi, Yahaya 6:44, kaga kenan ko wannan ɗan marmarin da kakeji ba kai ka ƙirƙire shi ba.

Ka tuna yaro Sama'ila, sau uku ana kiransa da dare yana tashi yana rugawa wurin Eli, tsohon firist ɗin da yake wa hidima, yana zaton tsohon ne, sai da Eli ya gane yace masa koma ka kwanta, in an sake kira kace yi magana Ubangiji bawanka yana ji. Ba laifi bane ka ruɗe da farko. Laifin shine kaji ka gane sannan kace sai bayan girbi, sai na gama makaranta, sai nayi aure na natsu. Ibraniyawa sura 3 ta maimaita kalma ɗaya, yau. Yau in kunji muryarsa kar ku taurare zuciya. Zuciya kuwa kamar ƙasar fadama ce bayan ruwa ya ɗauke, yau fartanya na shiga, bayan wata biyu sai diga.

Kar ka tsaya gyara kanka kafin ka zo

Nan ne mafi yawa suke maƙalewa, gaskiya nan nafi ɓata lokaci da 'yan aji. Sai kaji mutum yace bari in daina shan burkutu tukuna, bari in rabu da yarinyar nan, bari in biya bashin da na cinye, in na gyaru sai in zo coci da fuskata. Haba ɗan'uwa, wa ya taɓa cewa sai na warke zanje asibiti? Yesu yace masu lafiya basu buƙatar likita sai marasa lafiya. Inda zaka iya gyara kanka da kanka ai da ba'a yi gicciye ba.

Abin da bishara ke faɗi a taƙaice shine, dukanmu munyi zunubi, hakkin zunubi mutuwa ne, Yesu Almasihu wanda bai taɓa zunubi ba ya mutu a kan gicciye a madadinmu, aka binne shi, a rana ta uku ya tashi. Bashin an riga an biya. Afisawa 2:8-9 tace ta wurin alheri aka cece ku ta hanyar bangaskiya, kyautar Allah ce, ba ladan aiki bane don kar wani yayi fariya. Mu kuwa mun saba da cewa komai sai da gumi, in wani ya baka abu kyauta sai ka fara tunanin me yake nema a wurina, shi yasa wannan maganar take mana wuyar haɗiya. Amma haka take. Ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Yesu a Luka 23, yaushe ya samu lokacin gyara hali? Hannu a kafe ƙafa a kafe, ba baiko (kyautar da ake bayarwa a coci) ba azumi ba ajin baftisma, cewa kawai yayi Yesu ka tuna dani, aka ce masa yau zaka kasance tare dani a Firdausi.

A nan bari in ɗan ratse. Duk wanda yace maka sai ka sayi kwalbar mai ko ruwa ko hankici, ko sai ka "shuka iri" na naira kaza kafin Allah ya karɓe ka, ɗauki takalminka ka kama gabanka. Siman mai sihiri ya taɓa miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, karanta amsar da Bitrus ya bashi a Ayyukan Manzanni sura 8, ba mai daɗi bace. Baiko da zakka suna da wurinsu daga baya, na godiya ne, ba kuɗin shiga bane.

Ka kira kayan da sunansu

Toh yanzu ga abin da zakayi a aikace. Nemi wuri ka kaɗaita, ɗaki ne, gona ce, bayan gari ne, ko cikin shago bayan ka rufe, kashe data ko ka ajiye wayar can gefe. Sai ka faɗa wa Allah gaskiya da harshen da kake mafarki da shi, Hausa ce, Bura ce, Tangale ce, Jaba ce, duk yana ji, ba sai kayi irin muryar masu addu'a a gaban makirfo ba.

Kar kace "ka gafarta min zunubaina" dunƙule ka wuce, ko da yake ba laifi bane. Buɗe damin. Kace Ubangiji na ci amanar matata. Na danne gonar marayun ƙanena. Ina ƙin wane har ina fatan ya mutu. Na zubar da ciki ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina da laya a ƙugu ina kuma zama a bencin mawaƙa. Ranar wanka ba'a ɓoyon cibi, kuma wanda kake gaya wa ya riga ya sani, ba labari kake bashi ba, yarda kake da abin da ya daɗe da gani. 1 Yahaya 1:9 tace in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne mai adalci kuma, zai gafarta mana ya tsarkake mu daga dukan rashin adalci. Dukan, ba rabi ba.

Wannan shine tuba, amma tuba ba kuka bane kawai. Na ga masu kuka da majina a taron farkaswa ranar Asabar, ranar Talata suna inda suka saba. Na kuma ga wanda ko hawaye ɗaya bai zubar ba amma washegari ya ɗauki akuyar da ya ɓoye ya mayar wa mai ita. Tuba juyawa ce, kana tafiya gabas ka juya yamma. Ɓataccen ɗan nan na Luka 15 bai zauna cikin aladu yana ta nadama kawai ba, cewa yayi zan tashi in tafi wurin ubana, ya kuma tashi ɗin. Jawabin ma da ya shirya uban bai bari ya ƙarasa ba, tun yana nesa ya rugo ya rungume shi.

Ba kayan zunubi kaɗai ake kawowa ba fa. Akwai kayan tsoro, tsoron maita, tsoron sammu, tsoron abin da boka yace zai faru in ka daina kai masa kaza. Akwai kayan gorin rashin haihuwa, akwai na takaba, akwai na wanda aka kashe masa nasa a gabansa ya kasa mantawa. Akwai kuma wani kaya da ba'a cika ganewa ba, kayan addini, wato mutum yana ta aiki a coci ba dare ba rana don yana tsoron in ya tsaya Allah zai yi fushi da shi. Duk ka jera su.

Sannan ka faɗa masa cewa ka gaskata. Romawa 10:9 tace in ka shaida da bakinka Yesu Ubangiji ne, ka kuma gaskata a zuciyarka Allah ya tashe shi daga matattu, zaka sami ceto. Mai gadin kurkukun Filibi da ya tambayi Bulus da Sila me zanyi in sami ceto, amsa ɗaya suka bashi, ka gaskata da Ubangiji Yesu. In kana so in baka misalin kalmomi to ga irin yadda zaka iya cewa, amma don Allah kar ka mayar da shi kamar wani laƙani da ake karantawa sau bakwai:

Ubangiji Yesu, gani nan da kayana. Na yi maka zunubi, na kuma gaji, na kasa sauke kaina. Na gaskata ka mutu domina ka tashi. Ka gafarta min, ka karɓe ni, daga yau kai ne Ubangijina. Ka bani Ruhunka ya koya min tafiya. Amin.

Ba kalmomin ke ceto ba, wanda kake gaya wa ne. Mai karɓar harajin nan na Luka 18 jimla ɗaya tak yayi, ya Allah ka ji tausayina ni mai zunubi, Yesu yace shi ya koma gida a karɓe ba Bafarisiyen da ya jero ayyukansa ba. In kuma bangaskiyar taka kana jinta 'yar mitsitsiya, faɗi hakan ma, akwai uban yaron da yace na gaskata, ka taimaki rashin bangaskiyata, Markus 9:24, ba'a kore shi ba.

Na yi addu'ar amma banji komai ba

Bari in baka nawa labarin. Ni a coci aka haife ni, nayi makarantar Lahadi, nayi Birged, ƙungiyar yaran coci, har da maci da farar hula, kuma sau uku ina fita gaba a taron farkaswa, shekara daban daban. Kowane karo in na dawo gida kwana biyu ina jin daɗi sai abin ya sake dawowa, in ce ƙila ban tuba da kyau ba, ƙila kukan bai isa ba, bari in jira baƙon mai wa'azi na baɗi. Wata rana na samu wani tsoho cikin dattawanmu yana gyaran igiyar shanu a ƙofar gidansa, na tsuguna na gaishe shi na zayyana masa komai. Ya daɗe bai ce komai ba, can yace "ɗana, in uwarka ta dawo da itace aka sauke ta, wuyanta yakan daina ciwo nan take?" Nace a'a Baba, wani lokaci har gobe tana cewa kamar kayan na kanta. Yace "to kayan na kanta ne?" Nace a'a. Yace "to tashi ka bani wuri, kai wuya ke maka ciwo kake ta komawa a sake sauke ka."

Dariya nayi a lokacin amma maganar ce ta warware min shekaru. Tabbacin ceto baya rataye akan yadda kakeji da safe, yana rataye ne akan abin da Yesu ya faɗa, shi kuwa yace wanda ya zo gare ni ba zan kore shi ba ko kaɗan, Yahaya 6:37. Ka zo? To bai kore ka ba. Romawa 8:1 tace yanzu babu hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Ji yana hawa yana sauka, zazzaɓi ma kaɗai ya isa ya canja maka shi, yunwa ma haka. Wasu suna jin farin ciki kamar su tashi sama a ranar, Allah ya ƙara musu, wasu kuma a hankali abin yake sauka kamar sanyin asuba. Kar ka auna naka da shaidar da wani ya bayar a gaban jama'a.

Hutun ba zaman kashe wando bane

Yanzu mu koma ayar, don bata tsaya a zan hutar da ku ba. Yesu ya ci gaba yace a ɗauki karkiyarsa a koya daga wurinsa, karkiyarsa mai sauƙi ce kayansa kuma marar nauyi. Karkiya itace itacen nan da ake ɗora wa shanun huɗa a wuya a haɗa su biyu su ja garma. Sai mutum yace ikon Allah, an ce in zo in huta kuma ana miƙo min karkiya? Eh. Manomi ya san in za'a koya wa ɗan bijimi huɗa akan haɗa shi da wanda ya riga ya goge, babban shi ya san layin kunya, shi ya san inda ake juyawa, ƙaramin in ya bi a hankali sai aiki ya tafi sumul, in kuwa ya dinga fizga yana son zuwa nasa wuri to wuyansa ne zai goge ya yi ciwo. Hutun da Yesu ke bayarwa kenan, ka daina jan garmar rayuwarka kai kaɗai, ka daina ƙoƙarin biyan bashin da aka riga aka biya. Ibraniyawa sura 4 ta kira shi hutun Asabar na mutanen Allah, wanda ya shiga ya huta daga nasa ayyuka. Amma gona zaka je, kasuwa zaki je, Bulus ma cewa yayi wanda ya ƙi aiki kar ya ci.

Kuma kar wani ya ruɗe ka cewa daga yau wahala ta ƙare. 'Yan'uwanmu na EYN, ikilisiyar da ta fara da sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923, a 2014 aka sace 'yan matan Chibok waɗanda yawancinsu 'ya'yanta ne, a shekarar kuma aka mamaye hedikwatarta a Kwarhi, mutane suka watsu wasu har Kamaru. Za'a ce basu amsa kira bane? Yesu ya faɗa a fili a Yahaya 16:33 cewa a duniya kuna da tsanani. Hutun nasa irin wanda shi yayi ne a cikin jirgi, iska na kaɗawa ruwa na shiga yana barci akan matashi.

Abu ɗaya da nake so in ƙara anan, in damuwar taka ta kai baka barci, baka cin abinci, ko kana tunanin kashe kanka, ka gaya wa wani yau ɗin nan kuma kaje asibiti, ba rashin bangaskiya bane. Annabi Iliya da ya gaji har ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara bashi barci ne da abinci da ruwa, magana sai daga baya. Waɗanda suka kawo mana bishara ma ai su suka gina asibitoci a Wusasa da Vom da Galmi can Nijar.

Sai ka gaya wa wani

Kar ka bar abin a cikinka kai kaɗai. Cikin satin nan nemi mai bi guda ɗaya da ka yarda da hankalinsa, wanda bakinsa baya yoyo, namiji ya nemi namiji mace ta nemi mace, kace masa ga abin da ya faru. Daga nan sai ikilisiya. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. Ba zan ce maka lallai sai ECWA ko COCIN ko HEKAN ko Baptis ko Anglikan ba, abin da zaka duba shine ana buɗe Littafi Mai Tsarki ana koyar da shi kuwa, Yesu ake ɗaukakawa ko mai cocin, in ka yi sati biyu baka zo ba akwai wanda zai taka ya zo dubaka? Ƙaramar majami'ar laka mai benci shida da ake koyar da gaskiya ta fi katafaren gini da ba'a san sunanka ba.

Ka samu fasto ko mai bishara kace kana son shiga ajin baftisma. Tsawon ajin ya danganta da ikilisiya, wani wuri watanni ne, kar ka ƙosa. Yadda akeyi ma ya bambanta, ECWA da Baptis nutsarwa suke wa wanda ya riga ya ba da gaskiya, EYN sau uku suke nutsarwa, su Anglikan da Katolika da Lutheran kuma suna yiwa jarirai sannan in yaro ya girma ya tabbatar da bakinsa. In an riga an maka tun kana jariri kar ka yanke hukunci kai kaɗai, zauna da faston inda kake ku tattauna. Ruwan ba shi ke wanke zunubi don kansa ba kamar sabulu, amma Yesu ne ya umarta, don haka ba abin wasa bane da za'a ce sai na ga dama.

Wanda kuma gidansu ba masu bi bane, naka da ɗan bambanci kuma ba zan ɓoye maka ba, zai iya zama da tsada. Yesu yace mai son gina hasumiya ya fara zama yayi lissafi. Shawarata kar ka tashi da zafin sabon tuba ka hau Facebook kana zagin abin da iyayenka suke bi, wannan ba shaida bace rashin kunya ce. Ka ƙara musu ladabi fiye da da, gaisuwar safe, aikin gida, cefane in kana da hali. Lokacin faɗa da yadda za'a faɗa, nemi shawarar dattawan da suka san irin gidanku kuma suka taɓa bin wannan hanyar, in kuma akwai barazana ga ranka ka sanar da su da wuri kar ka yi shiru.

Abincin kullum

Nemi Littafi Mai Tsarki naka na kanka. Mu Hausawa an gama mana gata, cikakkensa ya fito da Hausa tun 1932, aikin da Dakta Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha fama da shi, aka sake sabuwar fassara a 1979, yanzu kuma har a waya akwai shi a manhaja irin YouVersion, akwai ma na saurare ga wanda karatu ke masa wuya. Kar ka fara daga Farawa kace sai ka kai ƙarshe, yawanci a Littafin Firistoci ake yin faci a ajiye. Fara da Markus, sura 16 ce kawai, sura ɗaya a rana kafin ka taɓa waya, sati biyu da kwana biyu ka gama. Sai Yahaya, sura 21. Zabura kuma ka riƙe ta don daren da addu'a ta ƙi fitowa, ka karanta ta 23 ko 51 ko 121 da ƙarfi ta zama addu'arka. In ka karanta ka tambayi kanka abu biyu, me wannan ya nuna min game da Yesu, me kuma zanyi yau saboda shi. Ya isa.

Da dare kafin ka kwanta ka sake sauke na ranar, kuɗin makaranta ne, maganar da kishiya ko suruka ta yaɓa miki ce, taki ne da ya yi tsada, 1 Bitrus 5:7 tace ku zuba masa dukan damuwarku don yana kula da ku. Wasunmu mukan zuba da dare da safe mu kwashe abinmu mu ƙara gaba, nima ina ciki, sai a sake zubawa.

Sai gyaran abin da ya gyaru. Zakka, mai karɓar harajin nan na Yariko da Yesu ya shiga gidansa, ba wanda ya tilasta shi, shi yace rabin dukiyata na ba matalauta, wanda na cuta kuma zan mayar masa ninki huɗu. Lura, bayan Yesu ya shiga gidan ne ba kafin ba. In akwai bashin da ka danne jeka ka samu mai shi ko da kaɗan kaɗan zaka biya, in akwai wanda kuka shekara bakwa gaisawa kai ka fara. Amma ba kowace tsohuwar magana ake tonowa a gaban kowa ba, akwai furcin da in ka yi shi ba shawara zai rusa gidan wani, irin wannan ka fara kai wa fasto. Laya da guru da ƙullin boka kuma kar ka ba wani kar ka sayar, in tsoro kakeji ka kira dattawa biyu su tsaya tare da kai ayi addu'a a ƙone, mutanen Afisa ma a gaban jama'a suka ƙone littattafan sihirinsu, Ayyukan Manzanni 19.

Zaka sake faɗuwa? Mai yiwuwa, ƙila ma cikin watan nan. Abin da Shaiɗan zai raɗa maka a ranar shine kaga ai dama ƙarya kake, kar ka sake ka je coci. Bitrus sau uku yayi musun Yesu a dare ɗaya, bayan tashi daga matattu Yesu ya gasa kifi a bakin teku ya kira shi karin kumallo ya sake bashi aiki. Don haka ranar da ka faɗi, ranar zaka koma, ka faɗi sunan abin kamar yadda kayi da farko, ka kira mutumin nan naka ka gaya masa, sannan ka duba ta wace ƙofa abin ya shigo, in majalisar yamma ce ka canja hanyar dawowa gida, in lamba ce a waya ka goge ta. Ko da abin ya kai ikilisiya ta sa ka a horo ta ce ka koma bencin baya na wani lokaci, je ka zauna a bencin bayan, ana jin wa'azi daga can sarai, nima na taɓa zama a kansa wata uku.